Babu Wani Kai A Wata Duniya Da Zai Biya Maka Bashi

Tun daga watan Disamban 2024 wata magana take yawo a wayoyin mutanen New Bell, har yau ta ƙi mutuwa. Wani lokaci da Faransanci take zuwa, wani lokaci da Hausar Kano, an ɗora mata kiɗa mai ban tsoro da hotunan taurari. Abin da take cewa bai wuce ɗaya ba: wai masana kimiyya sun tabbatar akwai duniyoyi barkatai a gefen tamu, kuma a kowace akwai wani kai, mai sunanka da kamanninka, wanda ya auri yarinyar da aka hana ka, ya sami bizar da aka ƙi ba ka, yana can yana shan iska. Masu kiran waya a shirina sun kawo ta ba sau ɗaya ba. Na ji ta a teburin mai shayi a Kasuwar Kongo, na ji ta a bakin 'yan benskin da ke jiran fasinja a Nkoulouloun, na kuma ji ta daga lasifikar wa'azi, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Amsata a taƙaice ita ce ba a tabbatar ba, kuma duk wanda ya ce an tabbatar ya faɗi abin da ba haka yake ba. Zan tsawaita ne saboda wannan ba irin ƙaryar da ake yi wa tsaki a wuce ba ce. An gauraya ta da gaskiya kamar yadda ake gauraya tsakuwa da shinkafa, kuma mai ci da sauri shi ne haƙorinsa ke karyewa.

Bari mu fara da shinkafar. Akwai wani gwaji da duk ɗalibin kimiyyar kwantam ya sani, wato kimiyyar da ke bayanin halayen ƙwayoyin zarra da abin da ya fi su ƙanƙanta. A kafa bango mai siraran tsagu biyu, a sa allo a bayansa, sannan a riƙa harba ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektron, ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta isa allon sai ta bar ɗigo guda, kamar an jefa tsakuwa. Hankali zai ce ɗigon zai taru wuri biyu, daidai kowace tsaga. Ba haka ake gani ba. Idan ɗigon ya yi yawa sai layuka su bayyana jere, nan cunkoso, nan fayau, nan cunkoso, irin zanen da ruwa ke yi idan kwalekwale biyu suka gifta juna a kogin Wouri: inda tudun igiya ya haɗu da tudu sai ya ƙaru, inda tudu ya haɗu da kwari sai ruwan ya lafa. To ƙwaya ɗaya tal aka harba a lokaci guda, da wa ta yi karo? Sai ka ce ta bi ta tsagun biyu duka ta haɗu da kanta. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne idan aka sa na'urar da za ta gane ta wace tsaga ta bi, sai layukan su ɓace, a koma tari biyu. Claus Jönsson ya yi gwajin da ilektron a Jamus a 1961, Akira Tonomura da abokan aikinsa na kamfanin Hitachi suka nuna taruwar ɗigon ɗaya bayan ɗaya a Japan a 1989. Wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Gani ya kori ji.

Lissafin da ke bayanin wannan tun 1926 aka same shi, daga hannun Erwin Schrödinger. A cikin lissafin, ƙwaya tana iya kasancewa cikin halaye biyu ko fiye a haɗe, kuma haɗin yana tafiya sannu a hankali, babu tsalle. A shekarar dai Max Born ya kawo ƙa'idar da ke cewa idan aka zo aunawa, sakamako ɗaya za a gani, kuma ga yadda za a fitar da yiwuwar kowane sakamako, wannan kashi kaza, wancan kashi kaza. Lissafin nan bai taɓa ba da kunya ba. Wayar da ke hannunka, fitilar LED da ke rataye a rumfar mai tsire, na'urar da ke watsa muryata, duk da shi aka ƙera ƙananan sassan da ke cikinsu.

Ga inda gizo ke saƙa. Lissafi ya ce halaye biyu a haɗe, ido ya ce ɗaya. Ina ɗayan ya tafi? Niels Bohr da mutanensa na birnin Copenhagen suka ce, a taƙaice, kada a tambayi abin da gwaji ba zai amsa ba. A yi lissafi, a auna, a rubuta abin da aka gani. Littattafan makaranta suka koyar cewa lokacin aunawa haɗin yana rushewa ya bar sakamako ɗaya. Schrödinger da kansa bai gamsu ba, shi ya sa a 1935 ya ƙirƙiro misalin kyanwar da aka rufe a akwati, wadda lissafi zai ce tana raye kuma ta mutu har sai an buɗe. Ya kawo misalin ne don ya nuna akwai lam'a a cikin maganar. Masu bidiyo na yau sun mai da shi kamar wani karamci da aka gani.

A 1957 wani ɗalibi ɗan shekara 26 a Jami'ar Princeton ta Amurka, Hugh Everett, ya yi tambayar da ba ta da sauƙin kaucewa. Ya ce na'urar da ke aunawa ai da ƙwayoyin zarra aka yi ta, mai aunawar ma haka. Me zai sa lissafin Schrödinger ya hau kan ilektron amma ya sauka idan ya iso kan mutum? Idan aka bar lissafin ya yi aikinsa har ƙarshe, babu wani rushewa. Na'urar za ta shiga haɗin, mai kallo zai shiga haɗin, sai a sami reshe guda da mai kallo ya ga hagu da wani reshe da ya ga dama, kowane yana rantsuwa cewa sakamako ɗaya ya gani. Malaminsa John Wheeler ya sa ya rage rubutun ƙwarai kafin a buga. A 1959 Everett ya je Copenhagen wurin Bohr, ya dawo hannu rabbana. Tun kafin nan ma ya riga ya bar jami'a ya koma yi wa ma'aikatar tsaron Amurka lissafin yaƙin nukiliya. Sunan "duniyoyi masu yawa" ma ba shi ya raɗa ba. Bryce DeWitt ne ya yayata shi daga 1970, har ya yi maganar kwafin mutum da yawansu ya kai lamba 1 da sifiri 100 a bayanta.

Ban zo in ce Everett sakarai ne ba. Ra'ayinsa yana da ƙarfi, kuma manyan masana irin su David Deutsch na Oxford da Sean Carroll suna kansa. Binciken da Dieter Zeh ya fara a 1970, Wojciech Zurek ya faɗaɗa, ya nuna dalilin da ya sa ba ma ganin tukunya a wuri biyu: da zarar abu ya taɓa iska da haske da zafin da ke kewaye da shi, halayen da ke haɗe sukan daina shafar juna cikin ƙiftawar ido, ko ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wannan ya ƙara wa ra'ayin Everett nauyi. Amma duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya san bambancin nassi da tawili. Lissafin da sakamakon gwaji su ne nassin, kowa ya yarda da su. Duniyoyi masu yawa tawili ne, ɗaya daga cikin tawilai. Akwai na David Bohm na 1952, wanda ya ce ƙwayar tana wuri ɗaya koyaushe, igiya ce ke jan akalarta, duniya kuma ɗaya ce. Akwai na Ghirardi da Rimini da Weber na 1986, waɗanda suka ce rushewar gaskiya ce, tana faruwa da kanta. Akwai waɗanda ke cewa lissafin yana bayanin abin da mai aunawa ya sani ne kawai. A Yulin 2025, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa wannan kimiyya don cikarta shekara 100, mujallar Nature ta tambayi masana sama da 1,100. Kashi 36 cikin 100 suka zaɓi na Copenhagen. Masu bin hanyar Everett da danginta ba su wuce kusan kashi 15 ba. Waɗanda suka ce suna da yaƙinin zaɓinsu shi ne daidai kuwa kusan ɗaya ne cikin huɗu. Masu abin da kansu ba su yi ijma'i ba, amma mai bidiyo da ke riƙe da waya a ɗakinsa ya yanke hukunci.

To daga ina "an tabbatar" ta fito? A Disamban 2024 kamfanin Google ya sanar da wata ƙwaƙwalwar kwamfutar kwantam mai suna Willow. Suka ce ta yi wani lissafi cikin ƙasa da minti 5, wanda babbar kwamfuta ta yau za ta shafe shekaru da yawansu ya kai lamba 1 da sifiri 25 kafin ta gama. Shugaban sashen, Hartmut Neven, ya ƙara da cewa a ganinsa wannan yana ƙarfafa tunanin cewa ana yin lissafin ne a duniyoyi da yawa a lokaci guda, kamar yadda Deutsch ya daɗe yana faɗa. Ra'ayin mutum ɗaya ne cikin sanarwar kamfani mai hajar tallatawa. Masana da dama sun mayar masa da martani nan take, kuma hujjarsu mai sauƙi ce: duk tawilan da suka yarda da lissafin Schrödinger suna hasashen kwamfutar za ta yi abin da ta yi. Mabiyin Bohr zai fitar da lambar, mabiyin Bohm zai fitar da ita, mabiyin Everett ma haka. Shaidar da ta yi daidai da maganar mai ƙara da ta wanda ake ƙara ba ta raba gardama a gaban alƙali.

Daga "a ganina yana ƙarfafa" zuwa "an tabbatar" tafiya ce mai nisa, kuma mu 'yan jarida muka ɗauki kayan. Wani ya rubuta kanun labari da Turanci ya ƙara gishiri, wani ya juya shi zuwa Faransanci ya ƙara barkono, na uku ya karanta da Hausa ya zubar da duk "watakila" da ke ciki don ba ta da daɗin faɗa a makirfo. A makarantar koyon aikin jarida darasin farko shi ne wa ya faɗa, a ina, da wace hujja. Idan labarin siyasa ne mukan tuna, domin akwai mai kai mu ƙara. Idan na kimiyya ne sai mu saki baki, tunda ilektron ba ta da lauya. Kalmomin nan uku, "masana sun gano", sun zama kamar hatimin sarki, duk takardar da aka buga wa ta wuce.

Yanzu ga malamaina, kuma da ladabi nake magana, domin a hannunsu na yi karatun allo. Allah ya gafarta malam, na ji ana cewa kalmar "alamina" da ke cikin Fatiha ita ce wannan duniyoyin da Turawa suka gano, wai mun riga su da shekara 1,400. Na fahimci daɗin da maganar ke yi wa zuciya. Mutumin da aka daɗe ana nuna masa cewa ilimi na wasu ne, dole ya ji sanyi idan aka ce ga shi a littafinsa. Amma a duba abin da ake saye kafin a biya. Malaman tafsiri sun yi bayanin kalmar tun da daɗewa: mutane, aljanu, mala'iku, dabbobi, duk abin da ba Allah ba. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi da "halittu" ya fassara ta. Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a shekara ta 606 bayan Hijira, ya tafi nesa da haka, ya yi jayayya da masu falsafar da ke cewa duniya ɗaya ce dole, ya ce ikon Allah ya isa ya halicci dubban dubban duniyoyi bayan wannan. Magana ce babba, kuma abin alfahari ce a tarihin tunaninmu. Sai dai Razi yana maganar wasu halittu ne a wani wuri. Everett yana maganar kai ɗin nan ne kana rarrabuwa.

A bi ra'ayin zuwa ƙarshensa a ga inda zai sauke mu. Idan duk abin da lissafi ya ba wa yiwuwa yana faruwa a wani reshe, to akwai reshen da liman bai tashi sallar asuba ba, akwai wanda mai amana ya ci amana, akwai wanda ɓarawon ya mayar da kayan. Wanne daga cikinsu za a yi wa hisabi? Littafi nawa za a ba mutum ɗaya? Ban ce babu mai iya amsawa ba, akwai masu falsafa da ke fama da tambayar. Abin da na ce shi ne mai wa'azin da ya ɗauko wannan don ya burge matasa bai faɗa musu wannan ɓangaren ba, kuma ina zaton shi ma ba a faɗa masa ba. Everett kansa bai yarda da samuwar Allah ba. Ya rasu a 1982 yana da shekara 51, bayan ya bar wasiyya a ƙone gawarsa a zuba tokar a shara. Wannan ba ya rushe lissafinsa, domin lissafi ba ya tambayar aƙida. Amma ya isa ya sa mai jingina aya a jikin ra'ayinsa ya ɗan dakata.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne kimiyya tana sauya ra'ayi, kuma wannan ne ƙarfinta. A yanzu haka ana gwaje-gwaje, har a dakin bincike da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, don neman alamar ko rushewar nan gaskiya ce. Kawo yanzu ba a ga alamar ba. Ranar da aka gani, ra'ayin Everett ya faɗi warwas. Malamin da ya ɗaure aya da shi, me zai ce wa yaron da ya yarda da shi? Wanda ya ɗaure akuyarsa a jikin motar da ke tsaye a tasha, kada ya yi kuka idan direba ya tayar.

Akwai wani misali da masu yaɗa wannan ra'ayi ke so, kuma da yake ya shigo gonata ba zan bar shi ya wuce ba. Sukan ce duniyoyin kamar tashoshin rediyo ne: duk suna cikin ɗakinka a lokaci guda, kai dai ɗaya ka kamo. Misalin yana da daɗi, amma yana ɗauke da guba a wutsiyarsa, domin rediyo ana murɗa shi. Ka gaji da ni ka koma BBC, ka gaji da su ka koma RFI. Daga nan ne 'yan damfara suka samu ƙofa, masu cewa da ƙarfin tunani, ko da wani zikiri na kuɗi, ko da kwas ɗin da za ka biya ta waya, za ka iya "komawa" duniyar da kake attajiri. A ra'ayin Everett babu maɓallin murɗawa. Rassan da suka rabu sun rabu ke nan, ba saƙo, ba ziyara, ba aiken kuɗi. Kuma ba shawararka ce ke raba su ba, kamar yadda finafinai irin su Doctor Strange na 2022 ke nunawa. Mu'amalar ƙwayoyin zarra ce, wadda ke gudana ko kana barci. Mutanen da suka fi kowa yarda da duniyoyi masu yawa su ne za su fara gaya maka ba za ka taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kalmar "kwantam" ma kanta ta zama jari. Wa bai ga na'urar nan ba, 'yar akwati da ake haɗawa da kwamfuta, a ba ka wani ƙarfe ka riƙe na minti ɗaya, sai takardu su fito wai an duba hantarka da ƙodarka da ƙashinka? Daga nan sai a nuna maka kwalaben maganin da za ka saya a teburin da ke gefe. Babu abin da ya haɗa akwatin nan da Schrödinger sai suna. Amma uwar da ta ji a rediyo cewa kimiyyar kwantam ta gano abin da ido ba ya gani, me zai hana ta miƙa kuɗin da ta tara don zuwa asibiti? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu masu makirfo muna cikin masu tsaga shi.

Sai yaranmu na rumfunan cacar ƙwallo. Wani ya kira ni a shiri, muryarsa ba ta wuce ta ɗan shekara 20 ba, ya ce: "Yaya, ai ni ban yi asara ba, wani ni ɗin ya ci a can." Da dariya ya faɗa, ni kuwa ban ji dariya ba. Na ce masa: "Ƙanena, shi wancan ɗin zai biya maka kuɗin hayar babur na yau?" Abin ban haushi shi ne ya taɓo daidai wurin da ra'ayin Everett ya fi rauni ba tare da ya sani ba. Ƙa'idar Born tana cewa wannan sakamako kashi 90, wancan kashi 10. Idan duka biyun suna faruwa tabbas, mene ne ma'anar 90 da 10? Deutsch a 1999, da David Wallace bayansa, sun yi ƙoƙarin nuna cewa mai hankali dole ya auna rassan da nauyinsu, ya yi aiki kamar yadda zai yi a duniya ɗaya mai yiwuwa da rashin yiwuwa. Wasu irin su Adrian Kent da David Albert ba su gamsu ba, gardamar tana nan. Amma lura da abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai. Idan Deutsch ya yi daidai, caca wauta ce a duniyoyi masu yawa kamar yadda take wauta a duniya ɗaya, domin rassan da ka yi asara sun rinjayi na cin nesa ba kusa ba. Idan bai yi daidai ba, ra'ayin ne gaba ɗaya ke cikin matsala. Ta ko'ina aka bi, babu mai ba yaron nan lasisi.

Akwai abin da ya fi kuɗi. 'Yar Everett, Elizabeth, ta kashe kanta a 1996, kuma a takardar da ta bari ta ambaci haɗuwa da mahaifinta a wata duniyar. Ta daɗe tana fama da damuwa, ba zan ɗora wa lissafi alhakin mutuwarta ba. Na kawo ta ne don masu tura bidiyon nan cikin rukunin WhatsApp na unguwa su san ba kowa ke karɓarsa a matsayin nishaɗi ba. A cikin mutum 200 da ke rukunin akwai wanda jarinsa ya ƙone, akwai wadda aka saka, akwai wanda ya dawo daga hanyar Libiya ba ko sisi. Gaya wa irin wannan cewa rayuwarsa ta gaskiya tana wani wuri ba taimako ba ne. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi gargaɗi a kan yawan "da a ce". Yanzu an ɗauko "da a ce" an sa mata farar rigar ɗakin bincike.

Mu mutanen Duwala mun san abin da ake nufi da abu ya faru sau ɗaya. Ranar Juma'a 21 ga Oktoban 2016 ruwa ya yanke hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala, jama'a suka yi tururuwa zuwa jirgin ƙasa, aka ƙara masa taragu 8. Da ya iso Eséka ya kauce daga layi. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 79 suka mutu, sama da 500 suka ji rauni. Kwamitin bincike ya ce jirgin yana gudun kilomita 96 a awa a inda bai kamata ya wuce 40 ba, birki yana da matsala, kaya sun yi yawa, kuma a 2018 kotu ta sami kamfanin Camrail da laifi. Wa zai iya tsayawa gaban iyalan mamatan ya ce a wata duniyar jirgin ya iso lafiya? Binciken ya yi amfani ne saboda ya tsaya a kan wannan jirgi, wannan birki, wannan sa hannu. Unguwar da muke zaune ma haka ta samu: Jamusawa suka ƙwace filayen Duala na bakin kogi suka tura mutane nan ciki, Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Al'ummar da ta riga ta saba da jin "haka Allah ya so" daga bakin wanda ya yi sakaci ba ta bukatar a ƙaro mata wata hanyar wanke hannu, wannan karon da hatimin Princeton.

Wani zai ce na cika tsanani, ai ko ba komai bidiyon ya sa yara suna tambaya a kan kimiyya. Na yarda tambayar alheri ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ba mai jin ƙishirwa ruwan kwata don dai ruwa ne. Yaron da aka gaya wa "an tabbatar" an rufe masa ƙofa, sai dai ya gyaɗa kai ya tura wa na gaba. Wanda aka gaya wa cewa ga gwajin, ga lissafin, ga wurin da manya suka shekara kusan 100 suna gardama ba su gama ba, shi ne aka nuna wa cewa akwai sauran aiki, kuma ba a rubuta sunan ƙabilar da za ta yi shi ba.

Ba sai an je Amurka ba. A Jami'ar Duwala akwai cibiyar da ake kira CEPAMOQ, wadda aikinta shi ne binciken ƙwayoyin zarra da haske ta fuskar kwantam, tana horar da masu digiri na biyu da na uku. Kuɗin benskin ne tsakaninta da New Bell. A Limbe akwai reshen cibiyar lissafi ta AIMS tun 2013. Yara nawa daga unguwannin Hausawa suka san da su? Sau nawa gidajen rediyon da ke magana da Hausa a garin nan suka gayyato malami daga can, suka zaunar da shi da mai fassara, suka bar masu sauraro su yi masa tambaya? Muna da sa'o'i na gaishe-gaishe da na tallar maganin basir. Rabin awa a mako ya isa a fara, kuma tambayar farko da zan so a yi wa baƙon ita ce ta tsagun nan biyu: idan aka sa na'urar gane hanya amma ba wanda ya duba abin da ta rubuta, layukan za su dawo? Amsar ita ce a'a, ba za su dawo ba, domin ba idon mutum ne ke ɓatar da su ba, haɗuwar ƙwayar da na'urar ce. Ina so yaran Kasuwar Kongo su ji wannan amsa da Hausa, daga bakin wanda ya san lissafinta.